Attaher da Disket ɗin Surukinsa

Attaher taubashina ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Shekara bakwai ya yi a Abijan. Waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da shi a can sun ce agoguna yake yawo da su a bakin tasha, amma da ya dawo Tawa sai ya ce mana shi injiniyan odinatar ne, wato kwamfuta, har Turawa layi suke yi a ƙofarsa. Shaidar da ya kawo ita ce wani baƙin tabarau da ba ya cirewa ko a cikin zaure. Ni Mamman ɗan kabu-kabu ne, ni nake yawo da shi a moto, wato babur, ni kuma nake shan labarin har kunnena ya yi zafi.

Ran wata Juma'a matarsa Kadidiya ta haifi 'ya mace. Washegari na kai shi gaida surukinsa, Baba Almustafa, mutumin Takanamat da ya yi shekara ashirin yana buga takardu a ofishin wani aikin haƙar rijiyoyi a nan Tawa. Attaher ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yadda ake yi wa suruki. Gwiwoyinsa sun san kunya, bakinsa ne bai taɓa saninta ba.

"Baba, ɗiyar ga taku ta," in ji shi. "Ku za ku zaɓa mata suna. Ko wane iri na, ni na ɗauka."

Tsohon ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani akwatin ƙarfe, ya ciro wani abu baƙi fale-fale mai kusurwa huɗu, da rami a tsakiyarsa, cikin rigar takarda.

"Shekarar wata babbar yunwa," in ji shi, "mahaihina shina jinjiri, uwatai ta rasu bisa hanya. Wata mata ta tsince shi gindin rijiya, ta shayar da shi tare da nata ɗa. Kahin shi rasu ya zaunar da ni ya ba ni labarin duka, ni kau na buga shi ga injin biro, can ofishinmu, cikin disket ɗin ga. Na yi mai alkawali in Allah ya ba ni jika mace, sunan matar ga za ta ci. Jikokina tara, duk maza. Yau ga macen ta zo, suna kuma ya ɓace mani. Na biɗe shi cikin kaina har na gaji. Waɗanda sunka san shi duk sun riga ni tahiya."

Ni dai tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa. Attaher kuwa ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"Baba, wanga ai aikin minti biyar na. A Abijan irinai ɗari nika buɗewa kahin kalaci. Ranar suna, gaban jama'a, za ku ji shi da kunnenku."

Muna fita ƙofar gida ya jawo ni gefe, ya jujjuya abin, ya leƙa ta ramin.

"Mamman, ta wane gehe za a buɗe shi?"

"Kai ka zo daga Abijan."

"Na Abijan jajaye na," in ji shi, ya hau moto.

Ran Lahadi muka fara da shagon Nasiratu kusa da tasha, inda ake buga takardu da gyaran waya. Ta karɓi disket, ta duba gaba, ta duba baya, ta yi fifita da shi sau biyu.

"Wanga mahuci na ko laya?"

"Ke jiya anka haihe ki," in ji Attaher. "Aza shi bisa injin hotokopi, rubutun shi hito."

Ta ce ba haka ake yi ba. Ya ce ita da shi wa ya tsallaka iyaka? Ta ɗaga kafaɗa ta aza. Inji ya tofo takarda da hoton wani baƙin abu mai farin rami. Attaher ya fita da ita waje, ya ɗaga ta sama wajen rana, ya daɗe yana kallo ta cikin baƙin tabarau.

"Ga rubutun nan. Duhu ya yi yawa. Ƙara mai haske."

Ta ƙara haske, ya fito toka-toka. Ta sake ƙarawa, ya fito fari fat. Masu jiran a buga musu takardu suka kewaye mu, kowa na ba da shawara, wani ma ya ce a juya shi ta baya, aka juya. Da la'asar muka fito da tarin takardu masu baƙin tabo, Nasiratu tana share hawayen dariya da gefen mayafi. Ita ce dai ta ji tausayina ta ce mu nemi kantin Sadiƙu.

Ran Litinin muka je kantin Sadiƙu Bamaraɗe, yana bayan kasuwa, cikin wani lungu tsakanin wani tela da mai sayar da igiya. Duk ofishin da aka rufe a yankin nan, tsofaffin injinansa a hannun Sadiƙu suke ƙarewa. Ya jera su a kan kanta, kowanne a lulluɓe da tsohon zane, kuma ya san halin kowanne kamar yadda makiyayi ya san shanunsa: wannan sai an mare shi a gefe yake tashi, wancan ba ya son zafin azahar, na ƙarshen can in ya tashi ba ya son a kashe shi. Masu sha'awar tsohon kaya har daga Yamai suke zuwa wurinsa. A jikin bango akwai kwalaye cike da disket na tsofaffin wasanni da na buga wasiƙa, ya rubuta sunan kowane kwali da ajami.

Attaher ya shiga ya yi wa kantin kallo ɗaya.

"Duk tarkacen ga, a Abijan yara muka ba su yi mota da shi."

Sadiƙu bai ko ɗaga kai ba, yana goge wani inji da tsumma. Amma da na zare disket daga aljihun Attaher na ajiye a gabansa, sai ya saki tsumman, ya goge hannu a riga, ya ɗauka a hankali.

"Babban disket! Rabon da in ga irin wanga tun ban yi hurhura ba." Ya girgiza kai. "Sai dai injinana duk masu ƙaramin baki na, ƙaramin disket suka ci. Wanga sai inji mai hwaɗin baki."

Ya nuna mana bakin wani inji, ya gwada faɗin disket a kai, ya fi shi nesa ba kusa ba. Muna cikin magana na waiwaya ban ga Attaher ba. Sai ga shi ya dawo da almakashin tela, ya fizge disket, ya auna da ido.

"Abu mai sauƙi. A rage mai gehe huɗu, shi shiga."

Sadiƙu ya haura sittin, amma wallahi ban ga lokacin da ya tsallake kanta ba. Ya damƙe wuyan hannun Attaher yana salati. Tela ya shigo biɗar almakashinsa ya kama ɗayan hannun. Mai igiya ya ji hayaniya ya zaci ɓarawo aka kama, ya shigo da igiya sabuwa, kafin in yi bayani har ya zarga ta a ƙafar taubashina. Lungu ya cika da mutane. Wata mata mai tallan gyaɗa ta tambayi me ya sata, aka ce mata ba sata ya yi ba, injiniya ne, ta ce to a ƙara ɗaure shi.

Da ƙura ta lafa, Sadiƙu ya zaunar da shi ya yi masa karatu yana haki.

"Kada ka lanƙwasa shi. Kada rana ta doke shi. Ka sa shi tsakanin abu biyu masu shimhiɗe, shi kwanta. In ya lalace babu mai maido abin da ke ciki, ko a Abijan."

"Gwada ka ni kai," in ji Attaher yana kwance igiya. "Ka ci jarrabawa."

Sadiƙu ya ce inji mai faɗin baki guda ɗaya ya sani a duk Adar, yana Afala wurin Hajiya Salima, wadda marigayi mijinta ya samo shi lokacin da aka rufe wani ofishi. Ya yi ya yi ta sayar masa ta ƙi, amma tana iya ba da aro. Da mun tashi a lokacin, da labarin nan bai yi tsawo ba. Sai Sadiƙu ya kunna wani inji don ya sha iska, wani wasa ya fito: ɗan mitsitsin mutum kore yana gudu yana tsallake rijiyoyi.

"Bari in duba lahiyar injin ga," in ji Attaher, ya ja kujera.

Ya faɗa rijiyar farko. Ya ce maɓallin ne ya sandare. Ya sake faɗawa, ya ce kujerar ce gajera. Mai igiya, wanda bai taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, ya karɓa da yatsa ɗaya ya tsallake rijiya goma sha ɗaya yana tauna goro. Shi ke nan, abin ya zama na kare mutuncin Abijan. Litinin ta ƙare a nan. Talata da safe ya ce in kai shi ya ƙarasa binciken da ya fara, muka wuni, tela ya rufe shagonsa ya dawo kallo, ana ta ihu duk lokacin da ɗan koren ya nutse. Da la'asar haƙurina ya ƙare, na cire wayar injin daga bango da hannuna.

"Saura kwana uku suna, ɗiyarka ba ta da suna, kai kana nan kana hwaɗawa rijiya!"

"Na kusa wuce ta biyu," in ji shi, kamar zai yi kuka.

Laraba da sassafe muka kama hanyar Afala. Hajiya Salima dattijuwa ce mai kaifin baki, sana'arta cuku, irin namu na Tawa fale-fale da ake shanyawa a kan tabarma. Ta ji labarin Baba Almustafa, ta ce don wannan tsohon za ta ba da aro. Ta kai mu ɗakin ajiyar hatsi. Ga injin nan a kusurwa, fari da ya koma ruwan ƙasa, da bakinsa mai faɗi, a kansa kuma kaza ta yi zaman sarauta.

"Kwana goma ke nan tana bisa ƙwai," in ji Hajiya. "In ka tashe ta ƙwan ya huce, kai za ka ƙarasa kwancin."

Attaher ya ce a Abijan ya yi hulɗa da kaji na Turawa masu girman tunkiya. Ya miƙa hannu, ta sare shi. Ya zagaya ta baya, ta juya ta sare shi. Ya yi mata Faransanci, ta sare shi sau biyu. Daga ƙarshe Hajiya ta ce sai an samo wuri mai ɗumi da laushi da za a mayar da ƙwan, ta dubi ɗakin, ta dubi kansa, ta cire masa hular da ya ɗinka don ranar suna. Aka jera ƙwai bakwai a ciki, kaza ta hau ta gyara zama, ba ta ƙara ko kallonmu ba.

Muka fito da inji tsakar gida, da gilashinsa mai kama da talabijin, da allon maɓallansa. Hajiya ta ce marigayi duk Sallah yakan kunna shi ya nuna wa baƙi, kuma bai taɓa ƙin tashi ba.

"Ga batir ɗina na hasken rana," in ji ta. "Ku kunna shi nan, ku sa abin, ku rubuta sunan ga takarda, ku tahi da hankali kwance."

Na ce wallahi Hajiya ta yi magana. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da kakarmu.

"In karanta shi nan, gaban kaza?" in ji Attaher. "Hajiya, abin ga gaban jama'ar Tawa za a yi shi. In na san sunan tun yau, mi za ni nuna ran Juma'a?"

"Ɗana," in ji ta, "kai ko can Abijan haka kake, ko rana ta hanya ta taɓa ka?"

Raina ya ɓaci har na yi niyyar barinsa a can ya dawo da ƙafa. Shi ko a jikinsa. Ya tsaya zaɓen cukun da za a raba wa baƙi, sai ya ga wasu ƙanana da faɗinsu ya zo daidai da na disket kamar an auna. Rigar takardar disket ta riga ta jiƙe da zufa a aljihunsa, ya yar da ita, ya sa disket tsakanin cuku biyu, ya zura a jaka.

"Sadiƙu ya ce abu biyu masu shimhiɗe. Ka ga ilimi?"

Zan faɗi gaskiya, a lokacin ni ma na ga dabarar ta yi.

Dawowar nan ba na son tunawa da ita. Akwatin inji a tsakaninmu yana cin bayana, gilashi a kan Attaher ya riƙe da hannu biyu, allon maɓallai rataye a wuyansa. Sau biyu muka faɗi cikin yashin wani kwari, kuma in ba shi haƙƙinsa, duk faɗuwa shi yake shiga ƙasa inji ya sauka a kansa. Mutanen wani ƙauye suka zaci majigi muka kawo, suka biyo mu da tabarmi, da ƙyar muka rabu da su. Mun shiga Tawa da azahar, kansa ba hula, rana ta gasa shi ya yi ja.

Ran Alhamis mai hankali gwada inji zai yi. Attaher sanƙira ya nemo, ya sa shi zagaya unguwanni yana shela cewa gobe a ƙofar gidan Injiniya Attaher odinatar ce za ta faɗi sunan jaririya, abin da ba a taɓa yi ba daga nan har Agadas. Sadiƙu ya rufe kanti ya zo ya ce a bar shi ya duba injin, Attaher ya lulluɓe shi da bargo ya zauna a kai. Kadidiya ta aiko daga ɗaki cewa don girman Allah ya gwada tun yau, mahaifinta ko abinci ba ya iya ci. Ya ce a gaya mata ta ji da wankan jego, harkar inji ta maza ce.

Juma'a ana sallame asuba ƙofar gida ta cika. Waɗanda aka gayyata sun zo, waɗanda ba a gayyata ba sun fi su yawa, har tela da mai igiya da Nasiratu. An shimfiɗa tabarmi, liman a gaba, Baba Almustafa a gefensa cikin farar riga, da carbi a hannunsa. Inji a kan tebur. Bayan tebur kuma ragon suna ɗaure a turke, mahauci tsugune kusa da shi yana wasa wuƙa.

Na tada janareta. Sadiƙu ya lallaɓa ya sauya wayoyi biyu da Attaher ya haɗa a birkice, ya koma ya zauna kamar bai yi kome ba. Attaher ya danna maɓalli. Inji ya yi tari, ya yi gurnani, sai ga korayen haruffa a gilashi. Jama'a suka ɗauki kabbara.

Wannan kabbarar ce ta ƙarasa shi. Ya juya ya fuskanci taro, ya buɗe ƙirji, ya fara jawabi. Gari bai gama wayewa ba, ga baƙin tabarau a idonsa, ni na tabbata ko hannunsa ba ya gani sosai. Yana ba da labarin yadda wani Bature ya yi kuka ranar da zai baro Abijan, ya zura hannu a jaka ya ciro abu uku a haɗe, ya zare ɗaya da laluben yatsa, ya ajiye sauran biyun a bayansa a gefen tebur. Idonsa na kan jama'a ya tura a bakin inji. Ya ƙi shiga. Ya sa tafin hannu ya buga, ya shige, ya murɗa marufin da ƙarfi.

"Jama'a, ku buɗe kunnuwanku!"

Inji ya yi ƙurrr. Ya yi ƙat, ƙat, ƙat. Ya koma wani irin kuka kamar injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa. Liman ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Wa ka gasa cuku da sassahen ga?"

Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan inji, korayen haruffa suka tattaru wuri ɗaya suka mutu. Sadiƙu ya yi tsalle ya cire waya, ya buɗe marufin, ya zura yatsa ya ƙwaƙulo wani abu fari-fari. Ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Na Afala na," in ji shi. "To ina disket ɗin?"

Kowa ya waiwaya lokaci ɗaya. Rago ya miƙo wuya iyakar igiyarsa, ya riga ya gama da cukun, yana tauna wani abu baƙi a natse, kusurwa ɗaya ce kawai ta rage a leɓensa. Attaher ya yi kururuwa ya faɗa masa. Ragon Tawa ne, da ledar kasuwa ya girma, bai ga abin wahala ba: ya miƙe wuya ya haɗiye, sannan ya ja baya ya tunkuyi injiniya a ciki, ya zaunar da shi cikin kwanon goro.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a kasuwa. Attaher ya miƙe yana riƙe da ciki.

"A yanka shi! Maza a yanka a hiddo!"

"Da wane suna?" in ji mahauci.

"Ragon suna ba a yanka shi sai an raɗa suna," in ji liman.

"Malam, sunan shina cikinai!"

"To shi hito, mu yanka."

"Ba shi hitowa sai an yanka!"

"Ba a yankawa sai ya hito."

Suka yi ta zagaye a nan, kowa da gaskiyarsa. Tela ya ce a ba rago kanwa a zauna a jira. Mai igiya ya ce a ɗage shi ta ƙafafun baya a girgiza, shi zai ba da igiya kyauta. Wani ya ce tunda ragon ne ya san sunan, a tambaye shi, rago kuwa kamar ya ji, ya yi kuka, aka sake fashewa. Attaher ya kafa kunne a cikin ragon, ya ce yana jin wani abu na juyawa. Sadiƙu ne ya kashe maganar, ya ce ko an fiddo shi yanzu, abin da haƙori ya taune babu injin da zai karanta shi a duniya.

Rana ta fara fitowa. Liman ya ce mutane na da sana'a, jaririya kuma ba ta wuce yau babu suna. Ya juya wajen tsohon, ya sassauta murya.

"Almustafa, ka yi haƙuri. Ka zaɓi wani."

Sai a lokacin muka tuna da shi. Dariya ta mutu a bakin kowa. Tun da rago ya haɗiye abin carbinsa ya faɗi a tabarma bai ɗauka ba. Ni kunya ta rufe ni, don da motona aka yi duk wannan shirme, kuma na yi dariya tare da masu dariya.

Ya tashi a hankali ya nufi tebur. Na zaci wurin Attaher zai je, Attaher ma haka ya zata, don ya koma bayan mahauci. Tsohon ya ja kujera ya zauna gaban mataccen inji, ya shafa allon maɓallai da tafin hannu, ya hure garin cuku da ya zuba a kai.

"Irin na biro namu na," in ji shi, ba da kowa yake ba.

Yatsunsa suka sauka a kan maɓallai, kowanne ya sami wurinsa. Sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, sannan da sauri. Gilashi baƙi ƙirin, babu abin da yake fitowa, shi ma ba gilashin yake kallo ba, idonsa a rufe. Leɓensa ya fara motsi, murya ta biyo, amma ba irin maganarsa ba ce, maganar mahaifinsa ce yake maimaitawa kamar yadda ya buga ta a wancan lokaci.

"Ni ban san uwata ba. An ce mani bisa hanyar kudu ta kwanta ba ta tashi ba. Wadda ta tsince ni doguwa ta, da tabo ga goshi, akuya ukku gare ta, biyu sun mutu kahin damina. In ta samu nono, ni ta ka hwara ba, kahin ɗanta. Sunanta..."

Bakinsa ya tsaya. Yatsun ba su tsaya ba. Sadiƙu ya sunkuya a kansu yana faɗin haruffan da suke taɓawa ɗaya bayan ɗaya, bai kai na huɗu ba tsohon ya buɗe ido.

"Tamumunt," in ji shi. "Tamumunt! Wayyo Allah, Tamumunt."

Ya kifa kai a kan allon yana kuka, kafaɗunsa na girgiza. Ni ma na yi, ba na ɓoyewa. Liman bai ɓata lokaci ba, ya raɗa wa mahauci, aka kayar da rago, aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunan, guɗa ta tashi daga cikin gida.

Attaher ya fito daga maɓoyarsa yana kakkaɓe riga, ya gyara murya.

"Jama'a, kun gani? Haka muka yi a Abijan. In inji ya ƙi, sai a..."

"Zo nan, ɗana," in ji Baba Almustafa.

Mai igiya ya matso gaba don kada marin ya wuce shi. Attaher ya zo ya durƙusa, ya runtse ido. Tsohon ya aza masa hannu a ka.

"Ka wahala ƙwarai. Allah shi yi maka albarka."

Tun muna yara nake tare da Attaher, ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba sai ran nan. Yana nan durƙushe mahauci ya zo da faranti ya ajiye a gabansa, da wani baƙin abu a dunƙule a kai wanda ya ciro daga tumbin rago, yana ta wari, ya ce Kadidiya ce ta ce a kawo wa injiniya rabonsa, wai a ba shi minti biyar.

Baba Almustafa bai jira nama ba. Ya tsaya a bakin zaure yana ta nanata sunan a hankali, ya ce a miƙo masa jikarsa. Aka kawo ta cikin zane, tana barci. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya daɗe yana dubanta.

"Sannu da zuwa, Tamumunt," in ji shi. "Kin daɗe bisa hanya."